Zane Kafin Yankan Ƙarfe

Da kaka ta yi, masu walda a Funtuwa da Malumfashi ba sa samun sukuni. Manoman Bakori da Ɗandume da Kafur na ta kawo injin casar masara gyara, wasu kuma na ba da aikin sabo. Gwanintar waɗannan maƙera ba abin musu ba ce: mutum ya kalli inji sau ɗaya, ya ƙera irinsa. Sai dai in ka ce ya nuna maka zanen injin a takarda, da wuya ka samu, domin awon yana cikin kansa.

Wannan giɓin ne darasin farko na ilimin tsara kayan masana'antu yake cikewa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen wannan fanni, inda ake koyar da aikin tangaran da gilashi da zanen yadi. Amma ko'ina ake koyar da shi, ba a fara ɗalibi da inji. Fensir ake ba shi da takarda. Zai koyi ja layi da auna kusurwa, sannan ya zana abu guda ta fuska uku: ta gaba, ta sama, ta gefe, kowace da awonta, yadda wanda bai taɓa ganin abin ba zai iya ƙera shi. In abin babba ne sai a rage shi bisa ƙa'ida, santimita 1 a takarda ta tsaya a madadin 10.

Mataki na biyu ya fi daɗi, ya kuma fi wuya: a ɗaga zanen daga shimfiɗe ya zama abu mai jiki, da kwali ko yumɓu ko waya. Ɗauki mazurarin da ake zuba hatsi a injin niƙa. Kafin a naɗe shi, falle ne na ƙarfe, kuma siffar da za a yanka ba ta kama da mazurari ko kaɗan; da'ira ce da aka gutsure wa yanki. Haka gangar da faɗin bakinta ya kai santimita 30, sai an yanko falle mai tsawon kusan 94, ban da wurin haɗi. Wanda ya gwada da kwali ya kuskure, kwali ya yi asara. Wanda ya gwada da ƙarfe kuwa, a tsadar yau, ya san abin da ya taɓa aljihunsa.

Wannan salon koyarwa ya yi suna ne a makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Jamus a 1919. Wani malaminta, Josef Albers, kan ba ɗalibai takarda zalla su nannaɗe ta har ta tsaya da kanta, su gane cewa siffa ma na ba abu ƙarfi. Dalilin da ya sa kwanon rufi ke da tudu da kwari ke nan.

A ganina, yaran da ke koyon walda sun fi ɗaliban jami'a buƙatar wannan darasi, kuma kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Funtuwa wuri ne da ya dace a riƙa ba su shi, ko da yamma ne. In akwai zane, manomin da ƙarfen injinsa ya karye a gona sai ya aika da awo ta waya a yanko masa daidai, maimakon ya ɗauki hayar mota ya kai injin gaba ɗaya cikin gari.