A Riƙa Auna Mutum Kafin A Ba Shi Keken Guragu

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan rabon kayan taimakon naƙasassu da masu hali da 'yan siyasa ke yi. Allah ya saka musu da alheri, amma akwai gyara.

Yawanci sai a sayo kekuna iri ɗaya, girma ɗaya, irin na asibiti, a jera, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowa. To jama'a, ko tela yana ɗinka riga bai auna ba? Keken asibiti don siminti aka yi shi. Da ƙananan tayoyinsa na gaba sun shiga rairayi sai su kafe, in ya lalace kuwa babu kayan gyaransa a ƙauye. Shi ya sa za ka tarar da shi yashe a bayan rumbu, kaji na kwana a kai.

Wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu amma hannuwansa na da ƙarfi, keke mai taya uku da ake tuƙawa da hannu ya fi masa, irin wanda su kansu guragu ke ƙerawa a Kano. Tayarsa ta keke ce, kowane mai faci zai gyara, ga wurin ɗora kaya ya kai kasuwa ya nemi na kansa. Sai dai fa ba ya shiga ɗaki. Shi kuwa wanda ya karye a ƙashin baya, ba ya jin zafin zama, in babu matashi mai kyau sai gyambo ya fito masa, kuma wannan gyambo na kisa. Ko sandar hammata, in ta yi tsawo tana danne jijiya har hannu ya mutu.

Haka na'urar ji. A fara kai mutum a gwada kunnensa, ga cibiyar kula da kunne ta ƙasa nan a Kaduna, a kuma tambaya ina zai riƙa samun batir.

Tunda an sa hannu kan dokar kare haƙƙin naƙasassu a 2019, an kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020, ina kira ga ƙananan hukumomi da su bi ta hannun sarakunan guragu da na makafi, a tambayi kowa sana'arsa da irin hanyar garinsu, ma'aikacin asibiti ya auna shi kafin a kashe ko sisi. Yara kuma a sake auna su bayan shekara, don girma suke yi.

Wassalam.