Rigar Fata Ta Mahaya Babur: Sulke Ce Kafin Ta Zama Ado

A zamanin da, idan barde zai fita fagen fama, abin da ya ke tambaya game da lifidinsa shi ne ko zai tare masa kibiya. Maganar ado sai ranar hawan salla. To, haka al'amarin ya ke ga rigar fata irin ta mahaya babur, wadda yayinta ya sake dawowa, har kamfanoni suna ɗinka sababbi bisa fasalin waɗanda aka yi shekara 70 da suka wuce, suna kiransu tsohon yayi. Malamin makaranta ko akawu wanda babur ne abin hawansa zuwa wurin aiki, in ya yi niyyar sayen irin wannan riga, kuɗi masu nauyi zai cire daga albashinsa. Sabo da haka ya kamata ya san abin da zai duba tun bai miƙa kuɗin ba.

Asalinta

A birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka aka fara ta. Waɗansu 'yan'uwa biyu, Irving da Jack Schott, suka buɗe wurin ɗinki a 1913 suna yin rigunan ruwa. A 1928 Irving ya fito da wata gajeriyar riga ta fata mai zif, ya sa mata suna Perfecto, watau sunan irin sigarin da ya fi so. Wani dillalin baburan Harley-Davidson ne ya fara sayar da ita, a kan dala 5 da rabi.

Duk abin da ke jikin rigar nan yana da dalili. An karkata zif ɗin gaba don fata ta haɗu ninki biyu a ƙirji, iska ta rasa hanyar shiga, kuma kada ƙarfen ya tokari mahayi sa'ad da ya duƙa. An sa maɓallan ƙarfe a kwala don kada ta riƙa marinsa a fuska in gudu ya yi gudu. An gajarta ta don kada ya zauna a kanta, aka ɗaura mata bel don ta kama ƙugu. An sa zif a bakin hannu don a tsuke shi, aka kuma yi ninki a bayan kafaɗa don hannu ya miƙe ba tare da rigar ta ɗage ba.

A 1953 aka nuna wani wasan sinima mai suna The Wild One, inda Marlon Brando ya fito a kan babur ƙirar Triumph sanye da riga irin wannan, yana shugabancin waɗansu gagararrun samari. Daga nan sai rigar ta zama alamar taurin kai. Waɗansu makarantu a Amurka suka hana yara zuwa da ita, hukumar tace sinima ta Ingila kuwa ta hana nuna wasan har shekara 14.

Hanin bai hana samarin Ingila ba. Suka riƙa taruwa a wani gidan shayi na bakin hanya a Landan mai suna Ace Cafe, wanda aka buɗe a 1938, burin kowannensu ya kai gudun mil 100 a awa. Kamfanin Lewis Leathers na Landan ya fito musu da tasa rigar mai suna Bronx a 1956. An rufe gidan shayin a 1969, aka sake buɗe shi a 2001.

Fasali biyu

Mai saye zai tarar yawancin rigunan tsohon yayi iri biyu ne. Akwai mai karkataccen zif da faffaɗar kwala da bel, wadda muka bayyana. Ta fi ɗumi, ta fi nauyi, ta kuma fi jan ido. Akwai kuma ta 'yan tsere, wadda ta yi tashe daga wajen 1960, mai miƙaƙƙen zif da 'yar siririyar kwala a tsaye da maɓalli ɗaya a wuya. Wannan ba ta da tarkace, ba ta cika nauyi ba, mutum kuwa ya iya shiga ofis da ita ba a yi ta kallonsa ba. Zaɓi tsakanin biyun nan ra'ayi ne. Abubuwan da za mu faɗa a gaba kuwa ba ra'ayi a cikinsu.

Fata ita ce riga

Babban aikin rigar nan shi ne ta gogu da kwalta a madadin fatar mai ita. Don haka abin fara dubawa shi ne ko fatar wace dabba ce, da kuma kaurinta.

Da fatar doki aka ɗinka rigunan farko, don tana da tauri da sheƙi, ga jimre ruwa. Da motocin noma suka maye gurbin dawaki a gonakin Amurka sai fatar doki ta yi wuyar samu, aka koma ta shanu. Har yanzu ana yin ta doki, amma da tsada, kuma sai an daɗe ana sa ta kafin ta yi laushi. Fatar sa ita ce aka fi amfani da ita, kaurin da ya dace da hawa kuwa shi ne milimita 1.2 zuwa 1.4. Fatar akuya ba ta kai ta sa kauri ba, amma tana da ƙarfi ƙwarai in aka gwada da rashin nauyinta, shi ya sa sojan ruwan Amurka suka zaɓe ta don rigar matuƙan jiragensu mai lamba G-1. Wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake su ke ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, Turawa su saya a can su kira ta fatar Maroko, su yi bangon littattafai masu daraja da ita.

Wadda za a guje wa ita ce fatar ɗan rago. Ta fi kowace laushi da daɗin taɓawa, a kanti kuwa ita ce ta fi ruɗin mai saye. Amma galibi ba ta kai milimita 1 ba, tana taɓa kwalta ta yage. Riga ce ta zuwa biki.

Sa'an nan a sani, a masana'anta a kan tsaga ƙirgi da inji ya zama falle biyu ko fiye. Fallen sama, inda ƙofofin gashi su ke, shi ne mai ƙarfi. Na ƙasa kuwa sai a shafe shi da roba, a buga masa zane ya yi kama da na sama. Shi ma fata ce ta gaske, sabo da haka ɗan kanti bai yi ƙarya ba in ya rantse da haka, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ƙasa da wannan kuma akwai yadi da aka lulluɓe da roba, wanda ba ya daɗewa sai ya fara ɓarewa kamar bawon rogo. In ana so a gane, a duba gefen da aka yanka ko a leƙa ta ƙarƙashin shafi. Fata tana da gursa-gursa a bayanta, ta roba kuwa zaren yadi za a gani. Ƙofofin gashin fata ba su jeruwa daidai, kuma warinta ba ya ɓuya ga wanda ya taɓa wucewa ta unguwar dukawa.

Jima ma iri biyu ce. Akwai ta itatuwa, irin wadda majemanmu su ke yi da bagaruwa. Tana cin lokaci, fatar kan fito da tauri, launinta kuma yana ƙara kyau da tsufa, abin da masu son tsohon yayi su ke nema ke nan. Akwai kuma ta gishirin kuromiyam, wadda wani Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884. Ita wannan ta fi sauri, fatar ta fi laushi, ta fi jimre ruwa da zafi, da ita kuma a ke jeme yawancin fatun duniya yau.

Ɗinki da awo

Kome kyan fata, in ɗinki ya ɓalle aikin banza ne. A duba kafaɗa da hannu da gefe, a ga ko ɗinkin layi biyu ne, zai fi kyau kuma in ɗaya yana ɓoye a ciki inda kwalta ba za ta ci zaren ba. Bayan da aka yanka daga falle guda ya fi wanda aka harhaɗa da guntaye. Zif ya zama na ƙarfe mai kauri. Tsofaffin riguna na Talon su ke da shi, na yanzu kuwa YKK ne aka fi sani.

Wajen awo, kada a gwada ta a tsaye kaɗai. A zuge zif, a zauna, a miƙa hannuwa gaba kamar an kama babur. Hannun riga ya rufe wuyan hannu, bayanta ya rufe ƙugu, kwala kada ta shaƙe. Mu mun saba da riga mai yalwa, amma a nan yalwa aibi ce, domin riga mai sako-sako kan naɗe sama in mutum ya faɗi, ta bar jiki a fili. Ta kama jiki, da ɗan sararin da za a iya sa 'yar shara a ciki.

Abin da tsofaffin suka rasa

Fata tana hana ƙujewa, amma ba ta hana bugu. Rigunan 1950 ba su da kome a ciki sai shafi. Na yanzu masu kyau kuwa, ko da ya ke a waje kamarsu ɗaya da na da, suna da aljihuna a ɓoye inda a ke sa 'yan katifu na roba a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya. Wannan shi ne lifidin zamani.

Ƙasashen Turai sun kafa ma'auni a kan haka, ana kuwa ɗinka shaidarsa a cikin riga tare da hoton mutum a kan babur. Ma'aunin riga shi ne EN 17092 na 2020. Daraja AAA ita ce ta sama, sai AA, sai A. Ana goga fatar a inji da saurin da ya yi daidai da kilomita 120 a awa ga AAA, 70 ga AA, 45 ga A. Daraja B tana hana ƙujewa amma ba ta da katifu. Su katifun ma'auninsu EN 1621, mataki na 2 kuwa ya fi na 1 shanye bugu. Ga mai zirga-zirgar gari da ɗan tafiya tsakanin ƙauyuka, AA ta wadatar.

Wani ya ce, ai da tsohuwar zuma a ke magani, gara ya nemi ta asali a wurin 'yan gwanjo. To, a kan dace, amma a lura. Fatar da ta bushe tana tsagewa in an lanƙwasa ta, zaren auduga kuma yana ruɓewa da shekaru. A ja ɗinkin da ƙarfi, a lanƙwasa gwiwar hannu a duba, a kuma ƙi wadda ta riga ta sha ƙasa.

Zafi da adana

An yi rigar nan ne don ƙasashen sanyi. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara ya kan wuce digiri 40, baƙar riga mai kauri na iya galabaitar da mahayi, rigar da aka rataye a gida don zafi kuwa ba ta kāre kowa. Sabo da haka a nemi mai ƙananan huji a ƙirji ko mai zif na shan iska, wadda a ke iya cire shafinta, a mayar da shi lokacin hunturu. Launin ƙasa-ƙasa ya fi baƙi sauƙin zafi.

In ruwa ya jiƙa ta, a shanya ta a inuwa, nesa da wuta. A rataye ta a faffaɗan maratayi, kada a ƙulle ta a leda da damina don funfuna. Sau ɗaya ko biyu a shekara a shafa mata man fata kaɗan, musamman bayan hunturu.

Daga ƙarshe, jama'a, kada kuɗin riga su cinye na hular kwano, domin kai ya fi kafaɗa. In kuɗin bai isa duka biyu ba, a fara da hula, a yi haƙuri a tara na riga. Araha ba ta ado, ba ta kuwa tare kwalta. Allah ya kiyashe mu da tsautsayin hanya, amin.