Yoyon Ruwa A Gida: Gano Shi, Toshe Shi

Maigida, uwargida, ku saurara. A ƙasar Batsari da Safana ruwa ba abin wasa ba ne. Kowa ya san wahalar da yara ke sha da rani kafin su kawo jarka ɗaya gida. To, ga abin lura. Kan famfo da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa, ya kan zubar da ruwa mai yawa daga safiya zuwa wata safiya. Kafin mako ya zagayo ka yi hasarar jarka mai cin lita 25. Amma hasarar ruwa ita ce ƙarama. Babbar ɓarnar yoyo a jikin iyalinka ta ke.

Cutar da yoyo ke kawowa

Na fari, sauro. Macen sauro a ruwan da ya kwanta ta ke yin ƙwai, ba ta kuwa bukatar tafki. Ɗan gurbin da kofaton saniya ya bari a gindin famfo ya ishe ta. In da ɗumi, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan nan ya zama sauro, shi ne mai kawo masassarar da ke kayar da ƙananan yara da mata masu ciki.

Na biyu, amai da gudawa. Mutane da yawa su kan ce, "Ai ruwa fita ya ke yi ta hudar, ba shiga ba." Haka ne, muddin da ruwa a bututun. Amma sa'ad da tanki ya ƙare, ko aka kashe injin burtsatse, sai bututun ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi. In ya bi ta kwata ko kusa da masai, ƙazantar nan ce za ta fito a kofin shan ruwanka. Tun cikin 1854 wani likita a birnin Landan, John Snow, ya bi sawun annobar kwalara har ya kai ga famfon unguwa guda. Daga baya aka tarar ramin ƙazanta ne ke tsiyaya cikin rijiyar. Mu ma mun ga irin ɓarnar da kwalara ta yi a Jihar Katsina cikin 2010 da 2021.

Na uku, laima. Ƙasarmu busasshiya ce yawancin shekara, amma cikin Agusta iska kan jiƙe, abin da ya jiƙa ba ya bushewa da wuri. Ɗaki mai laima ya kan yi fumfuna, ita kuwa tana tayar da tari da asma. Gara na son jiƙaƙƙiyar azara. Bangon ƙasa in gindinsa ya sha ruwa, da dare ɗaya ya kan zube kan masu barci.

Yadda za ka gano yoyon bututu

Da magariba ka cika tanki, ka rufe kowane kan famfo, ka shata iyakar ruwan da gawayi a jikin sanda mai tsabta. Da asuba ka sāke aunawa. In ruwa ya ragu ba wanda ya ɗiba, akwai huda.

Sa'an nan ka bi hanyar da aka binne bututun. Inda ka ga ciyawa kore shar da rani, ko ƙasa mai danshi da awaki ke lasa, nan za ka tona. Da dare, in gari ya yi tsit, ka kafa ƙarfe a kan bututun ka kara kunnenka. Huda ta kan yi 'yar ƙara kamar hucin maciji. Ka shafa mahaɗai da busasshen tsumma, gama yawancin yoyo a mahaɗa ya ke farawa.

Yadda za ka gyara

Da fari ka tsai da ruwan daga tanki. In kan famfo ne ke ɗiga, galibi 'yar robar cikinsa ce ta cinye. Kwance shi ka sa sabuwa, kuɗinta kaɗan ne. In wajen ɗaurin ne, ka naɗa farin zaren roban nan na masu gyaran famfo, ka mai da shi.

In bututun roba ne ya fashe, ɗaure shi da tsohon tiyub na keke ba gyara ba ne, jiran gyara ne, kada ya wuce kwana biyu. Gyaran ƙwarai shi ne ka yanke wurin da ya fashe, ka goge bakunan su bushe sarai, ka shafa gam ɗin bututu, ka haɗa da soket. Ka ba shi sa'o'i ya kama kafin ka saki ruwa. Ruwan da ya fara fitowa ka zubar, na sha kuwa ka tafasa. Kada ka bar bututun roba a rana, zai bushe ya tsage. Binne shi kamar ƙafa biyu, nesa da kwata. Masai kuma ya yi nisan ƙafa 100 daga rijiya.

Rarar ruwan gindin famfo ka yi masa hanya zuwa rami mai cike da tsakuwa, ko gindin zogale. In famfon na unguwa ne, kada kowa ya ce na wani ne. Ku gaya wa mai unguwa, ku yi karo-karo, ku kira mai gyara.

Soro da kwano

Gyaran soro aikin bazara ne, tun hadari bai taso ba. Hau ka share, ka cire ciyawa, ka cike tsaga, ka sāke yaɓe. Duba indararo: in ya toshe, ruwa zai kwanta a bisa, in ya gajarta, zai zuba a gindin bango. Ka sani, ba kullum inda ruwa ke ɗiga a ɗaki nan hudar ta ke ba. Ruwa kan bi azara ya yi tafiya, saboda haka ka nemi hudar sama da wurin. Rufin kwano kuwa, rufe ƙofa da tsakar rana ka ɗaga kai. Duk inda haske ya ɓullo ka liƙe da kwalta.

Wanda ya komo gidan da ya daɗe a rufe, kada ya kwantar da iyali sai ya duba azara da gindin bango. Bangon da ya tsage ko ya kumbura, a fita daga ɗakin a ranar.

Uwargida, ke ma ki duba randa da tulu. Wadda ta tsage a sāke ta, a ɗora kan duwatsu, a rufe bakinta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya fi ƙarfinka, ka tambayi malamin tsabta ko ma'aikacin asibitin da ke kusa da kai. Yaron da jikinsa ya yi zafi, ko ya fara gudawa, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gobe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar mu da lafiya, amin.