Faifan Garmaho Ya Dawo Kasuwa: Ina Rabon Masu Ɗab'i na Jimeta da Vinikilang?

A shekarar 2022, karo na farko tun 1987, yawan faifan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na faifan CD: miliyan 41 a kan miliyan 33, bisa alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta ƙasar, RIAA. Cinikin ya kai dala biliyan 1.2. Kowane faifai kuwa a cikin rigar kwali yake isa hannun mai saye. Ita wannan riga ce ɓangaren sana'ar da ƙaramar maɗaba'a a Jimeta, ko a Vinikilang da ke ƙetaren gadar Kogin Binuwai cikin Ƙaramar Hukumar Girei, za ta iya sa hannu a kai, domin buga faifan kansa yana bukatar injuna da jarin da suka fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A Kano kamfanin Tabansi ya fara a shekarun 1950 kafin ya koma Onitsha, kuma EMI ya buga faya-fayan Alhaji Mamman Shata a shekarun 1970. A Legas, Lemi Ghariokwu ya zana riguna 26 na faya-fayan Fela Kuti, har sunansa ya zaga duniya. Da kaset ya mamaye kasuwa, manyan kamfanonin Turai suka janye, EMI ya zama Ivory Music, Polygram ya zama Premier, aikin riga kuma ya koma ɗan ƙyallen takarda a cikin kwanson kaset.

Yanzu daga waje ake neman kiɗan wannan yanki a kan faifai. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland a Amurka ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma sake buga kaset ɗin da Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya yi a 1978. A 2019 kamfanin BBE na Ingila ya soma sake fitar da tsoffin faya-fayan Tabansi. Irin waɗannan kamfanoni sukan buga ɗaruruwa ne ko 'yan dubbai, masu saye kuma masu tara kayan tarihi ne, waɗanda ke biyan kuɗin riga kamar yadda suke biyan na kiɗa.

A nan ne injin yanka na lesa ya shigo lissafi. Rigar babban faifai mai inci 12 murabba'i ce, kimanin santimita 31 kowane gefe, da kwali mai kauri ake yin ta. In ana so a huda ado a jikinta, a ce zanen dagi ko irin na ƙwaryar Fulani, hanyar da aka saba ita ce a ƙera wuƙar ƙarfe mai siffar adon a ɗora a injin matsi. Ƙerar wuƙar na da tsada, kuma ado ɗaya kawai take yankawa; sai an raba kuɗinta a kan riguna dubbai take biyan kanta. Lesa ba ya bukatar wuƙa. Daga kwamfuta ake tura masa zane, hasken ya bi layi ya ƙone shi, gobe a canza zane ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amma ɗaya bayan ɗaya yake yanka, don haka kuɗin riga ta ɗari biyar daidai yake da na ta farko. Ƙaramin oda na lesa ne, babba na wuƙa. Wanda ya karɓi kwangilar dubu biyar da lesa, lokaci da man janareta za su cinye ribarsa.

Kuskure a farashin riga ya taɓa kayar da waɗanda suka fi ƙarfi. An sha ba da labarin kamfanin Factory na Manchester, wanda a 1983 ya yi wa faifan Blue Monday riga mai huji-huji, tsadarta ta sa yana faɗuwa a kan kowane faifai, ga shi kuma faifan ya yi kasuwa ƙwarai.

Ga mai maɗaba'a a Adamawa, kwali ne kan gaba a jerin kashe kuɗi. Masana'antun takarda na Jebba, Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasa, kwali mai kyau daga waje yake zuwa, ya sauka a Legas, sannan ya yi doguwar tafiyar mota zuwa Yola. Tun da aka bar kasuwa ta yanke darajar Naira a Yunin 2023, farashinsa ke bin dala. Sai dai faɗuwar Naira tana da wata fuska: wanda ake biya da dala ko fam, ladan aikinsa ya yi araha a idon mai oda.

Zafin Yola ma abin lissafi ne. Da ruwa ake sanyaya bututun lesa, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, injin da ba shi da na'urar sanyaya ruwa ba ya daɗewa. Ƙurar hunturu tana dusashe madubansa. Farin kwali yakan yi baƙin baki a wurin yanka in ba a daidaita ƙarfin haske ba. Akwai kuma abin da ba a yi ko kusa: sa robar PVC a ƙarƙashin lesa, ko faifan kansa, domin hayaƙinta guba ne ga mutum, yana kuma cin ƙarfen injin.

Rigar faifai kaɗai ba za ta riƙe injin ba. Katin gayyatar aure, allunan lambar yabo da kwalayen turare su ne cinikin yau da kullum, ga kuma Jami'ar Modibbo Adama a Girei, kusa da Vinikilang, da tarukanta da bukukuwan yaye ɗalibai. Odar riga ƙari ce da ke zuwa jefi-jefi. Kafin a karɓe ta, wajibi ne mai maɗaba'a ya ga izini a rubuce daga mai haƙƙin hoton da sunan mawaƙin, ya kuma nemi rabin kuɗi kafin ya sayi kwali.