Saɓanin Turawa a Kan Sunayen Ƙungiyoyin Mawaƙa

Malaman nahawun Turanci sun daɗe suna saɓani a kan mas'alar sunan ƙungiyar mawaƙa idan lafazinsa mufradi ne, kamar Queen da aka kafa a London a 1970, shin fi'ilinsa na tilo ne ko na jam'i. Mutanen Ingila, da yake mawaƙan kansu suke dubawa (kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi), sukan ce "Queen are", kamar yadda masu sharhin ƙwallonsu ke cewa "Arsenal are". Amurkawa kuwa, waɗanda ke ɗaukar ƙungiya abu guda, galibi "Queen is" suke rubutawa. Amma sunan da lafazinsa jam'i ne, irin The Beatles, ɓangarorin biyu sun yi ittifaƙi su ba shi "are".