Shin Ko Kun San? Yadda Zane Ya Koma Rubutu a Ƙasar Sin

Shin ko kun san cewa rubutun Sinawa mafi tsufa da ke hannu a yau, a cikin kayan masu magani aka tsinto shi? Manoman ƙauyen Xiaotun, kusa da birnin Anyang a lardin Henan, sun daɗe suna tono tsofaffin ƙasusuwa a gonakinsu suna sayar wa masu haɗa magani, a daka a sha ko a barbaɗa a rauni. A shekarar 1899 ne wani malami a Beijing mai suna Wang Yirong, wanda ya laƙanci tsofaffin rubuce-rubucen jikin tagulla, ya gane cewa ƙarce-ƙarcen da ke jikin ƙasusuwan nan rubutu ne. Kafin wannan rana tarihi mai yawa ya riga ya tafi a turmi, kuma asara ce mai ciwo.

Ƙasusuwan na daular Shang ne, sun kai wajen shekara 3,200. Allon kafaɗar sa ne da ɓawon cikin kunkuru, kuma aikin duba ake yi da su. Mai duba zai raraki 'yan ramuka a bayan ƙashin, ya danna tsinke mai wuta har ƙashin ya tsage, sai a karanta tsagar a matsayin amsa. Za a yi ruwa? Gero zai yi kyau bana? A fita yaƙi ko a dakata? Haƙorin nan da ke damun sarki, wane ne cikin kakanni ya yi fushi? Daga nan a sa wuƙa a sassaƙa tambayar a jikin ƙashin. Ita kanta tsagar ta zama harafi: 卜, wanda har gobe yake nufin duba.

An soma haƙa na hukuma a wurin a 1928, kuma gutsattsarin da aka samu sun haura 100,000. A jikinsu akwai haruffa daban-daban sama da 4,000, amma kusan kashi ɗaya cikin uku kaɗai masana suka iya karantawa. A 2016 gidan adana tarihin rubutu da ke Anyang ya sa ladan yuan 100,000 ga duk wanda ya warware harafi guda da hujja mai gamsarwa.

Shin ko kun san cewa wasu haruffan har yanzu ana hango hotonsu? Harafin rana, 日, asalinsa da'ira ce da ɗigo a tsakiya. 月 jinjirin wata ne. 山 dutse ne mai kai uku, 木 itace ne da rassa a sama da saiwoyi a ƙasa, 口 baki ne a buɗe. 人 mutum ne a tsaye, an hango shi ta gefe, ƙafa da hannu kawai. 目 ido ne da aka tayar tsaye bayan da can a kwance yake. A 羊 ƙahonnin rago ne, a 牛 kuwa kan sa ne aka zana ta gaba.

Wanda ya fi burge ni shi ne 象, giwa. A jikin ƙasusuwan za ka ga haure da dogon hanci ɓaro-ɓaro, zanen wanda ya ga dabbar da idonsa. A zamanin Shang yankin Rawayen Kogi ya fi yanzu ɗumi, giwaye suna yawo a dazuzzukansa, sarakuna suna farautarsu. Giwayen sun janye zuwa can kudu tun da daɗewa, harafin ya zauna. Da giwa da doki, 馬, duk a tsaye aka zana su bisa wutsiya, kai a sama, don su shiga siririn layin rubutu da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa.

To yaya za a zana abin da ba ya zanuwa? Sai a ƙara alama ko a haɗa hotuna. Ja ɗan layi a gindin itace, ka sami 本, tushe. Ja shi a sama, ka sami 末, ƙarshe. Itace biyu, 林, kurmi; uku, 森, ƙungurmin daji. Mutum a gefen itace, 休, hutu. Gona a sama, ƙarfi a ƙasa, 男, namiji. Mace da ɗa, 好, abu mai kyau.

Shin ko kun san cewa kuɗin wuri yana kwance cikin haruffan dukiya na Sinanci? 貝 hoton wuri ne, domin mutanen Shang suna ɗaukarsa abu mai daraja, sarki yakan yi kyauta da shi a tsire a zare. A kabarin Fu Hao, matar Sarki Wu Ding wadda ta jagoranci mayaƙa da kanta, an tarar da wuri kusan 7,000 lokacin da aka buɗe shi a 1976. Saboda haka duba da kyau: 財 dukiya, 貨 haja, 買 saye, 賣 sayarwa, 貴 tsada, 貧 talauci, kowanne da wuri a jikinsa. Harafin talaucin ma rabawa ce aka ɗora a kan wuri. Bahaushen da kakanninsa suka ci kasuwar Kurmi da wuri har zuwa farkon ƙarni na 20 ba ya bukatar dogon bayani a nan.

Sai dai ga inda masu koyo da yawa suke yin tuntuɓe. Suna shiga da tsammanin kowane harafi hoto ne, bayan 'yan makonni hotunan su ƙare, gwiwa ta yi sanyi. Wajen shekara ta 100 miladiyya wani malami, Xu Shen, ya kammala ƙamus mai suna Shuowen Jiezi, ya tattara haruffa 9,353 ya kasa su gida 540. Cikinsu hotuna zalla ba su wuce kimanin kashi 4 cikin 100 ba. Sama da kashi 80 haɗi ne na ɓangare biyu: ɗaya ya nuna maka fannin ma'ana, ɗayan ya nuna maka yadda ake furtawa.

Ɗauki 青, ana furta shi qing. Sa masa alamar ruwa a hagu, 清, ruwa garau, qing. Sa masa rana, 晴, sama ta washe, qing. Sa masa zuciya, 情, abin da rai ke ji, qing. Sa masa magana, 請, roƙo ko gayyata, qing. Sa masa ido, 睛, ƙwayar ido, a nan sauti ya ɗan karkata zuwa jing. Karin muryar ya bambanta, amma dangi ɗaya ne. Haka 媽, uwa: mace a hagu, doki a dama, ba don wata alaƙa tsakanin uwa da doki ba, sai don da uwa da doki duk "ma" ake furta su. A ganina wannan shi ne darasin da ya kamata a ba ɗalibi tun watansa na farko. Hotunan nan ƙalilan su ne tubalan, kuma wanda ya riƙe ɗari biyu ko uku daga cikinsu da kyau zai riƙa ganinsu suna dawowa a cikin dubbai.

Shin ko kun san cewa wasu hotunan aro aka yi, ba a mayar ba? 來 hoton alkama ne, aka are shi don rubuta "zo" saboda sautinsu ya yi kama. 萬 kunama ce, yau tana nufin dubu goma. 北 mutum biyu ne sun juya wa juna baya, ya koma arewa. 自 hanci ne, ya koma "kai da kanka", kuma har yau Basine yakan nuna hancinsa idan yana nufin kansa.

A yi hattara da labaran da suka cika daɗi. An daɗe ana koyar da cewa 東, gabas, rana ce tana fitowa ta bayan itace, kuma haka yake a ƙamus ɗin Xu Shen. Shi bai taɓa ganin ƙasusuwan Anyang ba, suna binne a zamaninsa. Da aka tono su sai ga harafin a siffar buhu ɗaure ta baki biyu. Labarin rana da itace yana taimaka wa hadda, ba laifi a yi amfani da shi, muddin ba a kira shi tarihi ba.

To a harafi irin 日, me ya mayar da da'ira murabba'i? Kayan aiki da gaggawa. Bayan Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin miladiyya, wazirinsa Li Si ya daidaita rubutu ya zama iri ɗaya a duk daular. Amma magatakarda masu tulin aiki, da alƙalamin gashi a hannu suna rubutu a kan tsagin gora, sun ga miƙaƙƙen layi ya fi sauri, sai lanƙwasa ta yi ta miƙewa har ta zama salon zamanin Han. Tsagin goran ma ya bar sawunsa: 冊, kundi, hoton tsagogi ne da aka tsire da igiya.

Yawan haruffan yakan tsorata mutum. Ƙamus ɗin Kangxi na 1716 yana da sama da 47,000, a ƙarƙashin gidaje 214. Amma jerin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 ya tsaya a 8,105, kuma 3,500 na farko su ne na yau da kullum, sun isa karanta jarida.

Daga 1956 gwamnati ta shiga sauƙaƙa haruffa don yaƙi da jahilci. 馬 ya koma 马, 龍 mai jan alƙalami 16 ya koma 龙 mai 5. An sami sauƙi, an kuma yi rashi: 買 ya koma 买, wurin ya fita, 愛, ƙauna, ya koma 爱, zuciyar da ke tsakiyarsa ta fita. Taiwan da Hong Kong da Macau suna nan a kan tsohon salo.

Shin ko kun san cewa harafi ɗaya yana karantuwa da harsuna da yawa? Kamar yadda 5 take biyar a Kano, hamsa a Alƙahira, haka 山 yake shan a Beijing, yama a Tokyo, san a Seoul. Shi ya sa a ƙarnonin baya jakadun Koriya da na Vietnam, idan sun haɗu a fadar Beijing, ba mai jin maganar wani, sai su zauna da takarda da tawada su yi hira a rubuce har da musayar waƙoƙi.