Wa Ke Yi wa Modem Tafinta a Cikin Kwamfuta?

Wanda ya soka modem ɗin Huawei ko na ZTE a kwamfutar da ke aiki da Linux, ya ga intanet ta kawo nan take, ba lallai ya san an yi tantancewa a bayan fage ba. Mai wannan aiki ita ce manhajar ModemManager, abokiyar tafiyar manhajar NetworkManager (ita NetworkManager kamfanin Red Hat ne ya fara ta a 2004). ModemManager kanta ba ta jin yaren kowane modem. Tana dogara ne da ƙananan manhajoji da ake jona mata, waɗanda masu sana'ar ke kira fulogin, kusan kowanne tafinta ne na kamfani guda.

Da rajista ake farawa. Idan ModemManager ta tashi, sai ta leƙa inda aka ajiye fulogin ɗin, ta duba ko sigar kowanne ta dace da tata. Wanda bai dace ba, a bar shi waje. Wanda ya shiga kuwa sai ya faɗi irin na'urar da ya sani. Kowace na'urar USB tana ɗauke da lambar kamfaninta: ta Huawei 12d1, ta ZTE 19d2. Wannan lamba ce ke sallamar yawancin tafintocin tun ba a ce wa modem uffan ba. Sannan a gwada shi da umarnin AT, ko QMI, ko MBIM, a ji da wanne zai amsa. In babu mai shi, fulogin na gama-gari ya karɓa, kuma da gangan aka ajiye shi a ƙarshen layi.

A ganina wannan jeri shi ne daidai. Wasu za su ce tunda an fitar da ƙa'idar MBIM a 2011 domin a haɗa kowa kan yare ɗaya, me ya rage wa tafintoci? Ai tsofaffin modem suna nan a hannun mutane, kuma kamfanoni ba su daina cusa umarninsu na musamman ba. Na gama-gari zai iya haɗa ka da intanet, amma ya kasa tsayar da modem a kan 4G kaɗai. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na modem da wani kamfani ya sauya wa lamba, ya faɗa hannun da ba nasa ba. Hakan na faruwa, sai dai gyaran bai wuce ƙara lambar a fulogin guda ba, ba tare da an taɓa uwar manhajar ba.

Don haka, mai karatu, kafin ka yanke wa modem hukuncin lalacewa, buga umarnin mmcli ka ga wane fulogin ne ya karɓe shi.